Ganuwar da Ido Ba Ya Gani: Waiwaye a Kan Tarihin Abuja da Daɗi da Wuyar Zama Cikinta

1.0 Gabatarwa

Idan muka dubi tarihin manyan biranen Nijeriya za mu tarar sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka tsiro da kansu tun zamani mai nisa, suka girma sannu a hankali ta hanyar kasuwa da sarauta da malanta, irin su Kano da Katsina da Zariya da Binin. Akwai kuma waɗanda hukuma ce ta zaɓa musu wuri, ta zana su a takarda tun kafin a aza tubalin farko, irin su Kaduna da Fatakwal. Abuja ita ce autar wannan kashi na biyu, kuma ita ce ta fi kowanne saurin bunƙasa. Wurin da a 1976 ba a ganin komai cikinsa sai duwatsu da gonakin doya da ƙauyukan Gbagyi, yau shi ne inda zukatan dubban matasa ke karkata idan sun gama karatu, ko kuma idan zama ya gagara a garuruwansu.

A wannan muƙala za mu waiwayi yadda aka haifi wannan birni a tsakiyar ƙasa, nesa da gaɓar teku, sannan mu auna daɗi da wuyar zama cikinsa da ma'aunin tarihi. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, daɗin Abuja gaskiya ne, wuyarta ma gaskiya ce, amma ba mutum ɗaya ne ke ɗanɗanar su biyun daidai wa daida ba. Yadda aka kafa birnin da yadda aka yi gaggawar tarewa cikinsa su suka raba wa mutane rabonsu, wasu suka sami daɗin, wasu aka bar su da wuyar.

2.0 Abuja ta Dauri

Sunan Abuja ya girmi birnin da ke ɗauke da shi a yau da shekaru kusan ɗari da hamsin. A farkon ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fice da jama'arsa ya nufi kudu, zuwa ƙasar Koro da Gbagyi wadda tun da can take bin Zazzau. Ya yada zango a wajajen Zuba, ya ci gaba da gwabzawa har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, kuma shi ya kafa sabon gari a 1828, aka kewaye shi da ganuwa, aka riƙa kiransa da sunan wanda ya kafa shi. Wannan masarauta ta tsare 'yancinta tsawon ƙarnin nan duka, ba ta shiga hannun daular Sakkwato ba, har zuwan Turawa a 1902. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihinta da al'adunta da Hausa, kuma har yau sarkinta Sarkin Zazzau ake kiransa.

A wannan tsohon gari ne Baturen nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, 'yar Gbagyi daga ƙauyen Kwali, ta yi sunan da ya kai ta Ingila da Amurka, har aka sa hotonta a takardar naira 20. Mun kawo wannan ne domin a san cewa yankin yana da mutanensa da sana'o'insa da tarihinsa. Ban da Gbagyi, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwari, akwai Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, ga kuma Fulani makiyaya da Hausawa 'yan kasuwa, duk suna zaune a ƙauyuka ɗaruruwa.

Da gwamnatin tarayya ta buƙaci wurin, sai masarautar ta ba da babban yanki na ƙasarta, ta kuma ba da sunanta. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, kuma aka bar shi cikin Jihar Neja, waje da iyakar sabon birnin. Ke nan tun ranar farko, garin da ya ba da suna da ƙasa a bakin ƙofa ya tsaya.

3.0 Dalilan Barin Legas

Tunanin kai hedikwata tsakiyar ƙasa ba sabo ba ne. Turawan mulkin mallaka sun yi ta sauya mazauni a Arewa, daga Lakwaja zuwa Zungeru, daga nan zuwa Kaduna, suna neman wuri mai ruwa da lafiya da hanyar jirgi. Amma da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, Legas ce ta zama fadar gwamnati, domin Bature ta teku ya shigo, ta teku kuma yake fitar da gyaɗa da auduga da koko da kuza. Birnin bakin teku ya dace da buƙatar mai mulkin da fuskarsa ke kallon waje.

Bayan samun mulkin kai a 1960, musamman bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sai aibobin wannan zaɓi suka fito fili. Legas tana can ƙuryar kudu maso yamma, ruwa da fadama sun matse ta, ba ta da filin faɗaɗawa. Daga 1967 ta zama tana ɗauke da gwamnati biyu, ta tarayya da ta jiha. Kuɗin man fetur da suka kwararo bayan 1973 sun ƙara mata jama'a da motoci fiye da ƙarfinta, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a tasharta wata da watanni ba a sauke su ba. Daɗin daɗawa, birnin yana cikin ƙasar ƙabila ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar, alhali ƙasar da ta fito daga yaƙi tana neman wurin da kowa zai kira nasa.

Janar Murtala Muhammed ya hau mulki a ƙarshen watan Yuli na 1975, kuma a watan Agusta ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba lamarin. Kwamitin ya zaga ƙasa, ya ziyarci wasu ƙasashen, ya miƙa rahotonsa a watan Disamba. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da 'yan ƙasa cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, aka kuma kafa Doka ta 6 ta 1976 wadda ta yanki fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, ta ɗora mallakarsa duka a hannun gwamnatin tarayya. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe shi a kan titin Legas, motarsa na cikin irin cunkoson da yake neman raba gwamnati da shi.

Nijeriya ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Barazil ta bar Rio da ke bakin teku ta koma Brasiliya a 1960, Tanzaniya ta zaɓi Dodoma a 1973, Kwaddibuwa ta zaɓi Yamusukuro a 1983. Hujjar kusan iri ɗaya ce a ko'ina, wato a janyo ci gaba daga gaɓa zuwa cikin ƙasa.

4.0 Tsari a Takarda da Gaggawar Tarewa

A 1979 wani rukunin kamfanonin Amurka ya miƙa wa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya taswirar birnin, daga baya kuma mai zanen gine-gine ɗan Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyarsa. Taswirar ta shimfiɗa birnin kamar jinjirin wata a gindin Dutsen Aso, ta kasa gininsa zango-zango. An tanadi cewa kowace unguwa za ta sami makarantarta da asibitinta da kasuwarta da filin shan iska, an kuma bar hanyoyi na musamman domin jiragen ƙasa da manyan motocin jigilar jama'a. An ƙiyasta mutum miliyan 1.6 zuwa shekara ta 2000, sannan birnin ya tsaya a kan ɗan abin da ya ɗara miliyan 3, sauran jama'a su zauna a garuruwan da za a raya a kewayensa.

Shugaba Shehu Shagari ya matsa ƙaimi a kan aikin, har ya yi bikin ranar 'yancin kai na 1982 a can. Faɗuwar farashin mai ta rage wa aikin gudu a tsakiyar shekarun 1980. Abin da ya sake zaburar da shi shi ne yunƙurin juyin mulkin da aka yi ranar 22 ga Afrilu 1990, lokacin da aka kai hari barikin Dodan inda Janar Ibrahim Babangida yake zaune. A watan Yuni na 1991 Abuja ta karɓi baƙuncin taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, kuma ranar 12 ga Disamba 1991 fadar gwamnati ta tare gaba ɗaya.

A nan ne tushen yawancin matsalolin yau yake. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. An gina fada da sakatariya da manyan tituna da otal-otal, ba a gama gidajen ƙananan ma'aikata ba, ba a ko soma shimfiɗa layin dogo na cikin gari ba, garuruwan kewaye kuwa ba a kai musu ruwa da titi ba. Ma'aikatu suka kwaso dubban mutane daga Legas, su kuma suka janyo masu sayar musu da abinci da masu yi musu ɗinki da gyaran mota. Nyanya, wadda aka kafa a matsayin sansanin wucin gadi na leburorin da ke gina birnin, ta zama gari na dindindin. Ƙidayar 1991 ta sami mutanen da ba su kai 400,000 ba a yankin baki ɗaya, ta 2006 kuwa ta sami fiye da miliyan 1.4. Wannan lissafi bai haɗa da Mararaba da Masaka da ke Jihar Nasarawa ba, ko Madalla da Suleja da ke Jihar Neja, alhali mazaunansu da yawa a Abuja suke wuni.

5.0 Daɗin Zama

Rashin adalci ne a yi maganar Abuja ba a faɗi alherinta ba. Na farko shi ne abin da aka kafa ta dominsa. Mutumin Maiduguri ko Sakkwato da a da sai ya kwana biyu a hanya kafin ya kai takardarsa ma'aikata a Legas, yanzu wuni guda ya ishe shi, haka ma na Inugu ko Kalaba. Daga 2016 jirgin ƙasa ya haɗa Idu da Rigasa a Kaduna. Wannan kusanci ya sa gwamnatin tarayya ta zama abar da talakan cikin ƙasa ke iya gani da idonsa.

Na biyu shi ne tsari. Wanda ya zauna a Garki ko Wuse ko Maitama ko Asokoro ya san daɗin titi mai faɗi, da magudanar ruwa a rufe, da ruwan famfo daga madatsar Usuma, da itatuwa a gefen hanya. Birnin yana kan tudu, duwatsu sun kewaye shi, damina tana da tsawo, ƙasar kuma tana ba da doya da dawa da masara. Ga wurin shaƙatawa a bakin tafkin Jabi, ga babban lambun da aka buɗe a 2003 lokacin taron ƙasashe renon Ingila.

Na uku shi ne ilimi da lafiya da aikin yi. An kafa Jami'ar Abuja a 1988, hedikwatar Makarantar Horon Lauyoyi da ta hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a suna Bwari, Asibitin Ƙasa ya fara aiki a 1999, jami'o'i masu zaman kansu kuma sun biyo baya. Ofisoshin jakadanci da hedikwatar ƙungiyar ECOWAS sun buɗe wa matasa ƙofofin da babu su a sauran garuruwan cikin ƙasa. Wanda bai yi boko ba ma bai rasa abin yi ba. Birnin da ake gini kullum yana buƙatar birkila da kafinta da mai haƙa rijiya, yana kuma buƙatar mai shayi da mai gadi da mai tura kurar ruwa. Kasuwar Dei-Dei ta dabbobi da kayan gini, da ta Zuba ta 'ya'yan itatuwa, sun riƙe gidaje masu yawa a Kano da Katsina da Zamfara ta hanyar kuɗin da ake aikawa gida.

Na huɗu, wanda a ganinmu ya fi sauran daraja, shi ne cuɗanya. A biranen da Turawa suka tsara, doka ce ta ware baƙo ta kai shi Sabon Gari. A Abuja babu wannan doka. Bayarabe da Ibo da Tibi da Bahaushe sukan yi haya a gida ɗaya, 'ya'yansu su tafi makaranta ɗaya, Masallacin Ƙasa da Majami'ar Ƙasa kuma suna hangen juna a tsakiyar gari. Mu masu nazarin harshe muna da abin lura a nan, domin Hausa ta zama harshen ciniki a kasuwanni da tashoshin mota, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Turancin buroka, kuma mutanen da iyayensu ba su taɓa jin ta ba suna tashi da ita a bakinsu. Haka kuma, duk lokacin da wuta ta tashi a wani wuri, kamar rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 da tashin hankalin Arewa maso Gabas daga 2009, Abuja ce mutane da yawa suka gudo wa, kuma ta karɓe su.

6.0 Wuyar Zama

6.1 Tsada da Muhalli

Birnin da ba shi da tashar jiragen ruwa, ba shi kuma da masana'antu masu yawa, kusan duk abin da yake amfani da shi a mota ake kawo masa. Kayan da aka sauke a Legas sai sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ta Lakwaja kafin su iso, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin hanyar. Arzikin birnin ya rataya ne a kan albashi da kwangilar gwamnati, saboda haka idan aka yi jinkirin sakin kuɗin kasafi, har mai sayar da tumatir sai ya ji a jikinsa.

Amma babbar wuya ita ce muhalli. Tun da ƙasar duka ta gwamnati ce, ba a samun fili sai da takardar hukuma, takardar kuwa ta fi saurin isa hannun mai sanayya, shi kuma ya sayar da ita ninkin-ba-ninkin. Kuɗin haya na shekara guda, wani lokaci na shekara biyu, ake nema a dunƙule. Da gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su gida daga 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati, sai ma'aikacin da ya zo daga baya ya rasa inda zai sa kansa a cikin gari. Abin takaici, a Maitama da Asokoro akwai manyan gidaje da ke rufe shekara da shekaru, babu kowa ciki sai mai gadi, shi ma a ɗan ɗakin bakin ƙofa.

6.2 Hanya

Wanda haya ta kora zuwa Mararaba ko Kubwa ko Lugbe ko Gwagwalada, hanya ce za ta karɓi abin da ya rage masa. Duk wanda ya bi titin Keffi da sassafe ya ga yadda motoci ke tsayawa cak daga Mararaba zuwa Nyanya har cikin gari, da yamma kuma abin ya juya. Ma'aikaci yakan fita tun kafin asuba, ya dawo bayan isha'i, 'ya'yansa suna barci ya fita, suna barci ya dawo. An hana acaɓa shiga tsakiyar birnin a 2006, kafin a samar da isassun motocin da za su maye gurbinsa. Jirgin ƙasa na cikin gari da taswirar 1979 ta tanada bai fara aiki ba sai 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a 2024, kuma layinsa ya nufi filin jirgin sama da Kubwa ne, bai bi ta Nyanya inda jama'a suka fi yawa ba. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa kuɗin mota ya cinye kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci. Cunkoson da aka gudo wa a Legas ya biyo sawu, sai dai a nan an tura shi bakin gari inda baƙon da ya sauka a otal ba zai gan shi ba.

6.3 Rusau

Daga 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan birnin, an yi rusau mai yawa da nufin komawa kan taswirar asali. Gaskiya ne an kwato filayen shan iska da hanyoyin ruwa da aka gina a kansu, kuma rusau ɗin ya taɓa wasu manya. Ambaliyar da ta sha cin gidaje a Lokogoma da Lugbe ta nuna cewa gini a kan hanyar ruwa ba abin wasa ba ne. Amma a unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika, dubban talakawa ne suka wayi gari a fili, waɗanda laifinsu shi ne sun sayi fili a hannun masu unguwanni saboda hukuma ba ta tanadar musu wani ba. Ba su koma garuruwansu ba, gaba kaɗan suka matsa, tafiyarsu zuwa wurin aiki ta ƙara tsawo.

6.4 'Yan Asalin Wuri

Niyyar farko a 1976 ita ce a kwashe dukkan mazauna yankin a sake musu matsuguni a wajensa da kuɗin gwamnati. Da bincike ya nuna yawansu da tsadar aikin, sai aka sauya shawara a 1978, aka ce wanda gini ya iso kansa kaɗai za a tayar. An kai wasu Sabon Wuse a hanyar Kaduna, an kai wasu Kubwa, an bar wasu kamar na ƙauyen Garki birni ya kewaye su. Diyyar da ake biya ta amfanin gona ce da ta gini, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da aka raba da gonarsa da kushewar kakanninsa ba a ba shi wata sana'a ba. Har ila yau, mazaunin yankin ba ya zaɓen gwamna ko majalisar jiha. Minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa yake mulkinsa, sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu ke wakiltarsa, sai ƙananan hukumomi shida. Sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin yankin minista a gwamnatin tarayya, wato Zephaniah Jisalo.

6.5 Tsaro da Zumunci

An daɗe ana ɗaukar Abuja a matsayin tudun mun tsira. Bom ɗin ranar 1 ga Oktoba 2010, da na hedikwatar 'yan sanda da na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2011, sun girgiza wannan zato. Ya kamata mu lura da inda hare-haren da suka fi cin rayukan talakawa suka faɗa: majami'ar Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilu 2014, daidai lokacin da ma'aikata ke neman motar shiga gari. A 2022 an tare jirgin Kaduna a watan Maris, an fasa gidan yarin Kuje a watan Yuli, satar mutane domin kuɗin fansa kuma ta addabi ƙauyukan Bwari da Kwali da Abaji.

Akwai kuma wata hasara da ba ta shiga lissafi. A unguwannin masu hali katanga ta yi tsawo, zaure ya ɓace, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba sai ranar da aka ga motoci sun taru a ƙofarsa. Da Sallah ko Kirsimeti ta zo sai tituna su yi fayau, kowa ya tafi gida, domin mutane da yawa suna ɗaukar Abuja wurin nema ne, gida yana can wani wuri. Wanda bai ɗauki gari nasa ba kuwa, da wuya ya tsaya ya yi masa faɗa.

7.0 Darasi Daga Biranen Dauri

Idan muka jera waɗannan abubuwa biyu za mu ga daɗin ya taru a tsakiya, wuyar ta watsu a gefe. Wanda ya share titin Maitama ba a Maitama yake kwana ba, wanda ya ba da ƙasar ba shi ke da takardarta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan tarihin biranenmu na dauri yana da abin da zai koya mana. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, kuma da jama'a suka ƙaru Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ya kafa kasuwar Kurmi, wasu sarakunan bayansa suka ƙara faɗaɗawa. Ganuwar ta kewaye gidaje da gonaki da kududdufai, domin idan yaƙi ya zo na karkara ya shigo ya sami mafaka. Baƙi kuma a ciki aka ba su unguwanni, sunayen Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi shaida ne har yau. Ba muna cewa zaman wancan lokaci babu zalunci cikinsa ba, domin akwai bayi a rinji, akwai kuma ƙofofin da ake rufewa da dare. Abin lura shi ne, idan mutane suka yi yawa, ganuwar ce take matsawa ta rungume su.

Abuja ba ta da ganuwar ƙasa, amma tana da wata wadda ido ba ya gani, an gina ta da kuɗin haya da takardar fili da kuɗin mota. Ƙofofinta a buɗe suke da safe domin masu aiki su shigo, da yamma kuma su fice da ƙafafunsu ba tare da dogari ya kore su ba. Duk lokacin da jama'a suka ƙaru, wannan ganuwa ƙara tsawo take yi, ba faɗi ba.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda sunan Abuja ya samo asali daga Zazzagawan da suka kafa gari a 1828, da dalilan da suka sa aka bar Legas, da yadda gaggawar tarewa a 1991 ta sa aka gina fada kafin a gina wa masu yi mata hidima wurin kwana. Mun kuma auna daɗi da wuya, muka tarar kowanne da inda ya sauka. Ga matashin da ke shirin ɗaukar jakarsa, tambayar da ta kamata ya yi wa kansa ita ce wace Abujar zai zauna, ta ciki ko ta bakin ƙofa, kuma nawa ne kuɗin motar da ke tsakaninsu.

Ga hukuma kuwa, maganin yana cikin taswirar da ta karɓa tun 1979. A kai layin dogo Nyanya da Mararaba, a kai ruwa da titi da asibiti garuruwan kewaye, a yanka ƙananan filaye masu takarda waɗanda malamin firamare zai iya saye, a zauna da jihohin Nasarawa da Neja a tsara garuruwan kan iyaka tare, a kuma ba 'yan asalin wurin haƙƙinsu na ƙasa da na wakilci. Sauran biranen cikin ƙasa da ke kumbura a yau, irin su Lafiya da Minna da Lakwaja da Gombe, suna da damar koyon darasi tun icce yana ɗanye. Murtala ya yi alkawarin birnin da kowane ɗan Nijeriya zai kira nasa, kuma ba za a ce alkawarin ya cika ba sai ranar da mai share titi ya iya kwana a cikin garin da yake sharewa.